Safiyon Ruwa: Jagorar Neman Digiri na Biyu a Ilimin Auna Zurfin Teku da Koguna

Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale a Yawuri ya ga abin da matuƙi yake yi idan ya doshi gaɓa. Zai zura doguwar gorarsa cikin ruwa, ya ji inda ta dira, ya gane ko yashi ne, ko laka, ko kututturen itacen da ruwan Kainji ya shanye tun 1968, sannan ya san ta inda zai kurɗa. Kyaftin ɗin jirgin dakon kaya da zai shiga Apapa da kwantena dubbai ba shi da gorar da za ta yi masa wannan aiki. Abin da yake da shi lamba ce a jikin taswira, wadda wani mutum da bai taɓa gani ba ya auna ya rubuta. Idan lambar ta ce mita 13 alhali mita 12 ne, jirgi ya kafe, dukiya ta salwanta, wani lokaci har da rayuka.

Wanda ya rubuta lambar nan shi ne safiyon ruwa, iliminsa kuma shi ake kira haidirogirafi. Na rubuta wannan jagora ne saboda yaran da suka gama safiyo, injiniyanci, fizis ko jiyoloji a Zariya, Minna, Bauci ko Yola, suna jin sunan fannin amma ba su san ta wace ƙofa ake shiga ba. Zan yi magana da "kai" don sauƙi, amma har da ke nake, domin a jiragen awo na yau akwai mata masu riƙe da ragamar aiki.

Mataki na farko: ka tabbata wannan ne fannin da kake nufi

Sunaye uku ne suke rikita mutane. Haidiroloji yana nazarin yawan ruwa da tafiyarsa: ruwan sama nawa ya sauka, nawa ya shiga kogi, yaushe ambaliya za ta zo. Ilimin teku kuma yana duba ruwan kansa, zafinsa da gishirinsa da igiyoyinsa da halittun cikinsa. Haidirogirafi daban ne. Shi awo ne: ina ƙasan ruwan yake, zurfinsa nawa, me ke kwance a kansa, kuma yaya girman kuskuren da ke cikin awon da ka yi. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce zuciyar sana'ar. Idan kana son kifi da murjani ne, ba nan za ka zo ba. Idan kuwa kana jin daɗin ganin awo ya rufe daidai, to ka iso gida.

Mataki na biyu: ka fahimci Kat A da Kat B tun kafin ka buɗe shafin kowace jami'a

Nan ne mutane da yawa suke yin asarar shekara da kuɗi. Akwai hukumar duniya mai kula da wannan fanni, IHO, wadda aka kafa a 1921, hedikwatarta tana Monako, kuma Najeriya mamba ce. Ita da ƙungiyar safiyoyi ta duniya, FIG, da ta masu zana taswira, ICA, suna da kwamitin haɗin gwiwa mai suna IBSC. Aikin kwamitin shi ne ya duba manhajar makaranta, ya ce ta cika sharuɗɗa ko ba ta cika ba.

Sharuɗɗan suna cikin takardu biyu. S-5B ita ce ta Rukunin B, wanda 'yan sana'a suke kira Kat B: horon mutumin da zai iya sarrafa na'ura, ya tattara bayanai, ya tace su, kuma mafi ƙarancin tsawonsa mako 24 ne. S-5A ita ce ta Kat A, mafi ƙaranci mako 40, kuma ita ce ta mutumin da zai tsara aikin tun daga tushe, ya zaɓi na'ura, ya gano matsalar da ba a taɓa gani ba, ya sa hannu a rahoto. Yawancin shirye-shiryen digiri na biyu da suka amsa sunansu Kat A ne. Masu son zana taswirar tuƙi kuma suna da nasu takardun, S-8A da S-8B.

Abu biyu za ka riƙe. Na ɗaya, kwamitin manhaja yake tantancewa, ba mutum ba. Wanda ya gama zai ce ya kammala shirin da aka amince da shi a matakin Kat A. Zama ƙwararre mai lasisi wani tsani ne na daban da ake hawa bayan shekarun aiki. Na biyu, amincewar tana da wa'adi, shekara 6, sai a sabunta. Saboda haka kada ka dogara da tallar jami'a, kada ma ka dogara da jerin da zan kawo a ƙasa. Ka shiga shafin IHO, ka sauke jerin shirye-shiryen da aka amince da su, ka nemo sunan shirin da ranar ƙarewar wa'adinsa. Kyauta ne, minti goma ya ishe ka. A ganina jami'a ƙarama da ke cikin jerin nan ta fi maka babbar jami'a mai suna da ba ta ciki, domin kamfanin da zai ɗauke ka aiki jerin zai duba.

Mataki na uku: ka auna kanka

Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Shirye-shiryen Kat A suna ɗauka cewa ka zo da lissafi a hannu: kalkulas, lissafin matriks, ƙididdiga, da fizis na matakin jami'a. Wanda ya karanta safiyo yana da sa'a, domin ya riga ya sha wuyar ajasmen, wato lissafin daidaita awo, ya kuma san jiyodesi, ilimin auna siffar duniya. Inda yakan yi rauni shi ne fizis ɗin sauti da rubuta manhajar kwamfuta. Injiniyan lantarki akasin haka ne: sigina ba ta ba shi tsoro, amma bai taɓa jin labarin datum ba, wato ma'aunin tushe da ake ɗora awon matsayi a kansa. Ɗan jogirafi da bai yi lissafi mai zurfi ba sai ya fara cike gibin tukuna, ko dai da difloma ta gaba da digiri a safiyo, ko ya shiga ta ƙofar Kat B. Ba abin kunya ba ne, kuma ya fi a ce ka je ƙasar mutane ka kasa a zangon farko.

Wata shida kafin ka nemi gurbi, ka yi wa kanka abu uku. Ka koyi Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, har ka iya buɗe fayil mai layi miliyan, ka tace shi, ka zana shi. Ka saba da QGIS, manhajar zana taswira. Sannan ka sauke MB-System, manhaja ce ta kyauta ta tace awon ƙasan teku, ka samo bayanan da hukumar NOAA ta Amurka take bayarwa kyauta, ka yi ta wasa da su. Ranar da ka rubuta a wasiƙar neman gurbi cewa ka riga ka tace awo da hannunka, ka bar sahun masu cewa suna sha'awar teku tun suna yara.

In da hali, ka koyi iyo. Da gaske nake.

Mataki na huɗu: zaɓen makaranta

A Amurka akwai gidaje biyu. Jami'ar Kudancin Misisipi tana koyar da digiri na biyu a haidirogirafi a Cibiyar Stennis, maƙwabtaka da ofishin nazarin teku na sojojin ruwan Amurka. An fara shi a 1999, kiredit 36 ne, kuma ana iya gama shi cikin wata 12 a matse, ba numfashi. Shiri ne na mai son ya fito ya kama aiki. Jami'ar New Hampshire kuma, a garin Durham, tana da cibiyar taswirar teku da ta kafa tare da NOAA a 1999. Can bincike ya fi ƙarfi. Dabarar CUBE, wadda kusan kowace manhajar tace awo take amfani da ita a yau, daga can ta fito. Idan ranka yana kan digiri na uku, can za ka fara dubawa.

A Kanada, Jami'ar New Brunswick da ke Fredericton tana da tsohon sashen jiyodesi da rukunin taswirar teku, kuma daga wannan gari ne CARIS, manhajar tace awon ruwa, ta samo asali. A Ingila akwai Jami'ar Plymouth mai digirin shekara ɗaya, da UCL a Landan wadda take koyarwa tare da hukumar tashar jiragen ruwan Landan, ɗalibai suna aiki a kan kogin Thames.

Wanda nake yawan nuna wa masu ƙaramin ƙarfi shi ne na Jami'ar HafenCity da ke Hambug a Jamus. Shekara biyu ne, ɓangaren haidirogirafi da Turanci ake koyar da shi, kuma babu kuɗin makaranta irin na Ingila da Amurka sai kuɗin zango. Shekara biyun nan alheri ce ga wanda bai taɓa ganin teku ba, domin yana samun lokacin da ilimin zai zauna.

'Yan'uwanmu na Nijar, Kamaru da Cadi da suka yi karatu da Faransanci su dubi ENSTA a birnin Brest, garin da hukumar awon ruwa ta Faransa, Shom, take da mazauni. Hafsoshin sojan ruwa kuma galibi ta hannun gwamnati suke tafiya, kuma da yawa daga Afirka sun yi dogon kwas a cibiyar haidirogirafi ta Indiya da ke Gowa. A Malesiya, Jami'ar Fasaha ta UTM ta daɗe tana gudanar da kwas mataki biyu, na B da na A.

Kafin ka yanke shawara, ka aika wa shugaban shirin tambayoyi huɗu: makarantar tana da jirginta na awo ko haya take yi, kwana nawa ɗalibi yake yi a kan ruwa, ɗalibai nawa ne suke raba na'ura ɗaya, kuma ina waɗanda suka gama bara suke aiki. Amsar tambaya ta biyu ta fi komai muhimmanci.

Mataki na biyar: abin da za ka tarar a aji

Sunayen darussa suna bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma tunda duk S-5A suke bi, kayan cikin ɗaya ne.

Jiyodesi da tantance matsayi. Kafin ka ce zurfin nan mita kaza ne, sai ka san "nan" ɗin ina ne. Za ka koyi siffar duniya ta lissafi da ta zahiri da bambancin da ke tsakaninsu, ka koyi yadda tauraron ɗan'adam yake ba da matsayi, da dabarun da suke rage kuskure daga mitoci zuwa santimitoci. Ɗan Najeriya ya san wannan ciwo tun a gida: tsofaffin taswirorinmu suna kan datum ɗin Minna, na'urar GPS kuma tana kan WGS84, kuma idan ka gauraya su ba tare da juyawa ba, dutsen da ke ƙarƙashin ruwa zai matsa gomman mitoci daga inda yake. A tudu wannan rigimar iyakar gona ce. A ruwa kuwa ramin jirgi ne.

Sauti a cikin ruwa. Wannan shi ne darasin da ya fi kayar da mutane, kuma shi ya fi daɗi idan ya buɗe maka. Haske da siginar rediyo ba sa nisa a ruwa, sauti ne yake tafiya. Na'urar awo tana jefa ƙara zuwa ƙasa, ta saurari amsa-kuwwa, ta ƙidaya lokaci. Sauti yana gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa. Idan ya je ya dawo cikin daƙiƙa 0.02, ya ci mita 30 ke nan, zurfi ya zama mita 15. Da abin ya tsaya nan, da mako ɗaya ya isa. Matsalar ita ce gudun yana canzawa da zafi, da gishiri, da matsin ruwa. A ruwan teku mai ɗumi irin namu yana kaiwa wajen 1,540. Ka bar na'ura a kan 1,500 ka manta, zurfin gaske mita 15.4 ne kai kuma ka rubuta 15. Santimita 40 sun tafi saboda lamba ɗaya.

Da tsohuwar na'ura mai harshe ɗaya, wato mai jefa layin sauti ɗaya tak zuwa ƙasa, kuskuren iyakarsa ke nan. Amma na'urar zamani, maltibim, tana jefa ɗaruruwan harsuna a lokaci guda, a baje kamar mafici, ta share faɗin da ya ninka zurfin sau uku ko huɗu. Harsunan gefe a karkace suke shiga ruwa, kuma duk inda zafi ko gishiri ya canza sai su lanƙwasa, kamar yadda sanda take bayyana a karye idan ka tsoma ta a randa. Ka zauna gaban allon kwamfuta a cikin jirgi, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce ka sani, amma sai ka ga gefunan hoton sun ɗaga sama kamar baki mai murmushi, ko sun rusuna kamar mai ɓata rai. Haka ma'aikata suke kiransu, murmushi da ɓacin rai. Da ka gani, ka san lokaci ya yi da za a tsayar da jirgi, a zura ma'aunin gudun sauti da igiya har ƙasa, a ɗauko sabon awo. A bakin kogi, inda ruwan daɗi yake karo da na gishiri, kana iya yin haka sau da yawa a yini ɗaya.

Motsin jirgi da haɗa na'urori. Jirgi ba ya tsayawa cak. Yana tangaɗi hagu da dama, yana sunkuyar da kai yana ɗagawa, yana hawa yana sauka. Akwai na'urar da take auna duk wannan motsi sau da yawa a kowace daƙiƙa, amma dole a san ainihin yadda aka ɗaura ta dangane da maltibim da eriyar GPS. Ga misalin da ya sa malamai suke tsanantawa: a zurfin mita 20, harshen da ya karkata digiri 60 yana sauka kusan mita 35 daga ƙarƙashin jirgi. Kuskuren digiri 1 kacal a ɗauri zai ba ka kuskuren zurfi na kusan santimita 60 a can gefe. Shi ya sa kafin kowane aiki ake gwajin daidaitawa, facites (patch test) a bakin ma'aikata: a bi layi ɗaya a je a dawo a kan shimfiɗaɗɗen wuri, a sake bi a kan gangare, a gwama sakamakon har a ciro kuskuren kowace kusurwa. Za ka yi shi har ya gundure ka, kuma za ka gode daga baya.

Hawa da saukar ruwa. Teku yana cika yana janyewa saboda jan wata da rana, kuma babban bugun, wanda ake kira M2, yana zagayowa duk awa 12 da minti 25. A Legas bambancin wajen mita ɗaya ne, yana ƙaruwa idan ka nufi gabas wajen Kalaba, a mashigin Fundy na Kanada kuwa yana kaiwa mita 16. Tunda saman ruwa ba ya zama wuri ɗaya, ana mayar da kowane awo zuwa wani ma'auni na ƙasa-ƙasa, yadda matuƙi zai samu aƙalla zurfin da aka rubuta kusan kowane lokaci. Za ka koyi kafa ma'aunin ruwa a gaɓa, ka tattara awon kwana 30, ka warware shi zuwa sassansa, ka yi hasashen gobe. Za ka kuma ji dalilin da ya sa cikakken zagaye yake ɗaukar shekara 18.6. Wannan darasi yana da amfani har a madatsun ruwa, inda ruwa yake sauka mitoci da dama tsakanin kaka da bazara.

Kuskure da mizanin S-44. A nan ne ake raba mai danna maɓalli da safiyo. S-44 ita ce takardar IHO da ta faɗi iyakar kuskuren da aka yarda da shi. A zurfin mita 20, mataki na 1a ya yarda da kusan santimita 56, mataki na musamman da ake amfani da shi a tashoshi da mashigai kuma kusan santimita 29 kawai, kuma dole na'urarka ta iya gano abu mai girman mita 1 ta kowace fuska a ƙasan ruwa. Bugu na 6 da ya fito a 2020 ya ƙara wani mataki da ya fi wannan tsanani. Aikinka shi ne ka tara kuskuren kowace na'ura, na GPS, na motsi, na sauti, na hawan ruwa, ka nuna da lissafi cewa jimillarsu ba ta haura iyaka ba. Ka koma kan santimita 40 ɗin da muka yi asara a sama, za ka ga ita kaɗai ta rushe aikin tasha.

Sauran darussan zan bi su da sauri. Akwai na'urar da take ɗaukar hoton ƙasan ruwa daga gefe don gano tarkacen jirage da bututu, da wadda take leƙa ƙarƙashin laka. Akwai awo da hasken leza daga jirgin sama da kuma hotunan tauraron ɗan'adam, waɗanda ruwa mai garau suke so, don haka ba su cika aiki a kogunanmu masu laka ba. Akwai ilimin ƙasan teku, yanayi, da tuƙin jirgi. Akwai sarrafa bayanai da taswirar lantarki, inda duniya take ƙaura daga tsohon tsarin S-57 zuwa S-100. Wanda ya ƙware a wannan yanzu ba zai rasa aiki ba.

Dokar teku kuwa kada ka raina ta don babu lissafi a ciki. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba ƙasa mil 12 na ruwan mallaka da mil 200 na yankin tattalin arziki, kuma sashe na 76 ya ba ta damar neman ƙarin ƙasan teku har zuwa mil 350 idan ta kawo hujjar awo. Safiyon ruwa ne yake kawo hujjar. Wanda ya tuna hukuncin kotun duniya na 2002 kan Bakasi, wanda ya haɗa da iyakar ruwa tsakanin Najeriya da Kamaru, ya san layi a kan taswira yana iya zama rijiyar mai.

Mataki na shida: babban aikin fili

Kowane shirin Kat A yana ƙarewa da aikin fili na aƙalla mako 4. Za a ba rukuninku wani yanki na ruwa da takardar buƙata, kamar yadda mai kwangila zai bayar, a ce ku je ku kawo taswira da rahoto. Ku za ku tsara layukan da jirgi zai bi, ku ɗaura na'urori, ku auna tazarar da ke tsakaninsu da tef da na'urar safiyo, ku kafa ma'aunin ruwa, ku fita da asuba ku dawo da yamma, sannan ku kwana kuna tace abin da kuka samo.

Shawarata a nan ɗaya ce, kuma ina ba da ita da dukan zuciyata. A kowane rukuni akan samu wanda ya iya kwamfuta sai a bar masa tacewa, wanda ya saba da jirgi sai a bar masa igiya da na'ura. Ɗan tudu da jiri yake ɗiba a kwanakin farko yakan ji sauƙi ya zauna a ofis. Kada ka yarda. Jirin teku yakan lafa bayan kwana biyu ko uku. Ka sha magani, ka ci abu kaɗan, ka dubi nesa inda sama ta haɗu da ruwa, ka fita. Ka tabbata ka taɓa kowane aiki da hannunka, ka kuma riƙe littafin da kake rubuta ranakun da ka yi a ruwa da na'urorin da ka sarrafa, shugaban aiki ya sa hannu. Littafin nan za a tambaye ka shi ranar neman aiki da ranar neman lasisi.

Idan shirinka yana da kundin bincike, ka yi tunanin gida. Cikewar madatsun ruwa da laka matsala ce ta gaske: Tiga tun 1974 take tara abin da ruwa yake kwasowa, haka Bakolori, Goronyo, Challawa da Dadin Kowa, kuma awon zurfi ne kaɗai yake faɗin ruwa nawa ya rage a cikinsu. Ƙananan jiragen awo marasa matuƙi sun sa irin wannan aiki ya yi sauƙi fiye da da.

Mataki na bakwai: kuɗi da takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara shekara guda kafin lokacin shiga. Taranskirif shi ya fi cin lokaci, don haka shi za ka fara nema. Sai fasfo, sai jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL, ko da yake wasu jami'o'in Ingila suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC. Sai wasiƙun malamai biyu ko uku, kuma gara malamin da ya duba aikinka na ƙarshe ya san ka da farfesan da bai san fuskarka ba.

Tallafi mafi tsoka a wannan fanni shi ne na gidauniyar Nippon ta Japan tare da GEBCO, shirin haɗa taswirar zurfin tekunan duniya. Tun 2004 suke ɗaukar mutum 6 a shekara zuwa New Hampshire, su biya komai na wata 12, a fito da takardar gaba da digiri a awon zurfin teku. Gasar tana da zafi, kuma sun fi son wanda yake aiki a wata hukuma da zai koma ya amfana. Haka kuma IHO, da kuɗin Koriya ta Kudu, ta riƙa tura ɗalibai zuwa Misisipi, amma ta hannun hukumar awon ruwa ta ƙasa ake miƙa suna. Farar hula ɗan Najeriya ya dubi PTDF, asusun gwamnati mai tallafa wa karatun fannin mai, domin safiyon ruwa yana da alaƙa kai tsaye da haƙar mai a teku, sai Commonwealth, sai Chevening mai neman shekara 2 na ƙwarewar aiki, sai DAAD ga masu nufin Jamus. Wanda zai je Jamus da aljihunsa kuma ya sani ofishin biza zai nemi ya ajiye fiye da yuro 11,000 a rufaffen asusu don ciyar da kansa na shekara ɗaya.

A wasiƙar neman gurbi, ka bar dogon yabon jami'a. Ka kawo matsala ɗaya da ka gani da idonka. Hatsarin jirgin Warra a jihar Kebbi a 2021 da na Patigi a 2023 kowanne ya ci rayuka masu yawa. Lodi fiye da kima da tafiyar dare suna cikin dalilan irin waɗannan hatsura, amma rashin sanin abin da ke ƙarƙashin ruwa da rashin alamun hanya su ma suna ciki, kuma wannan ɓangaren aikin safiyo ne. Mai karanta takardarka ya ga ɗaruruwa; wadda ta zo da kogi na gaske ita yake tunawa.

Mataki na takwas: bayan an gama

Hanyoyin aiki uku ne. Akwai gwamnati: hukumar awon ruwa ta ƙasa da rundunar sojan ruwa, wadda ta karɓi jirgin awo NNS Lana mai tsawon mita 60 daga Faransa a 2021, hukumar tashoshin jiragen ruwa, da NIWA, hukumar hanyoyin ruwa na cikin gida mai hedikwata a Lokoja, wadda hanyar Neja daga Warri zuwa Baro take hannunta. Yashi yana motsi duk damina, don haka kogin da aka yashe jiya yana buƙatar sabon awo gobe. Akwai kamfanonin teku masu shimfiɗa bututu, wayoyin intanet na ƙarƙashin ruwa, injinan iska da yasar mashigai. Nan albashi ya fi kauri, amma za ka yi makonni ba ka ga iyali ba, kuma sai ka yi kwas ɗin tsira a teku na BOSIET da gwajin lafiya kafin a bar ka ka hau. Sai kuma bincike da koyarwa. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin Seabed 2030 a 2017, kashi 6 cikin 100 na ƙasan tekun duniya ne kawai aka auna da na'urar zamani; zuwa 2023 an kai kusan kashi 25.

Idan digirinka na farko safiyo ne, kada ka yi sakaci da rajistar SURCON, hukumar rajistar safiyoyi, domin a Najeriya ita take ba ka ikon sa hannu a aikin safiyo. Bayan shekarun aiki kuma ka nemi shaidar ƙwarewa ta mutum ɗaya, irin wadda ƙungiyoyin safiyon ruwa na Ostireliya, Kanada, Amurka da Turai suke bayarwa, inda za a duba littafin aikinka da rahotannin da ka rubuta.

Aikinka na farko, ko da takardar Kat A a hannunka, mai yiwuwa zama ne gaban allo da tsakar dare kana goge ɗigon da garken kifi ko kumfar farfela suka jefa cikin awo. Ka yi shi da natsuwa. Kafin ka goge kowane ɗigo da ya tsaya shi kaɗai sama da 'yan'uwansa, ka buɗe layin da ke maƙwabtaka da shi ka duba ko shi ma ya gan shi. Idan layi biyu suka ga abu ɗaya a wuri ɗaya, ba kifi ba ne. Ka sa masa alama, ka rubuta matsayinsa, ka tashi shugaban aiki a sake bi ta kansa.